Lauyar da Ta Ƙwato Rabin Maganar Baba

Shekarar da sojoji suka koma bariki, wata safiya Umma ta ɗauko mayafinta na fita unguwa ta ce in raka ta Sabon Gari. Ban tambaye ta wajen wa ba. Tun da aka rantsar da gwamnan farar hula take bin rediyo da kunne kamar mai jiran sanarwar ganin wata. So take ta tabbata cewa yanzu talaka zai iya kai ƙarar mai uwa a gindin murhu, ya kuma dawo ya kwana a gidansa.

Wanda za mu kai ƙara wani Alhaji ne, maƙwabcin shagon Baba a Kantin Kwari. Shagon Baba yana kan kwana, inda layi biyu suka haɗu, duk wanda ya shigo ta wajen shataletalen Bata da atamfofinmu zai fara cin karo. A nan na yi wayo. Nakan hau kan dila in zauna ina kallon tsuntsaye da furannin da ke jikin atamfa, ina ƙirƙira musu garuruwan da suka fito. Alhajin nan shi ke saya mini rake, yana tsokanata yana kirana amaryarsa. Kwano ɗaya suke ci da Baba. Ashe duk lomar da ya kai baki, idonsa yana kan kwanar nan.

A zamanin soja ya ƙulla abota da wani hafsa na rundunar da ke kama kayan fasa-ƙwauri, ya raɗa masa cewa Baba yana ɓoye irin kayan. Sojoji suka zo rana tsaka, suka watso diloli waje, ba su sami komai ba. Duk da haka suka sa Baba ya kama kunnuwansa ya yi tsallen kwaɗo a gaban kasuwar da ta san shi tun yana saurayi. Yana cikin wannan hali Alhajin ya fito kamar mai ceto, ya sunkuya ya ce masa, in ya bar masa shagon zai roƙar masa Oga a ƙyale shi. Baba ya ɗago ya dube shi, ya ce, "Na bar maka. Allah ya isa."

Haka Baba ya gaya mana da bakinsa da ya dawo gida unguwar Kwaciri, ba hula, gwiwoyin wandonsa sun yage. Bai sake taka Kwari ba. Kafin damina ta zagayo ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Alhajin kuwa ya rushe bangon da ke tsakanin shagunan biyu ya mai da su ɗaya, yana gaya wa kowa kyauta aka yi masa a gaban shaidu, "Ai kowa ya ji. Da bakinsa ya ce na bar maka."

Ni mutum ce mai sanyi. A makaranta ko ƙawata ce ta taka ni, ni ke ba ta haƙuri. Ina karatun adabi a jami'a lokacin, abin da na fi so a duniya shi ne in zauna bakin taga ina kallon hadari yana haɗowa. Amma duk sanda na ɗaga kan Baba zan ba shi kunu, na ga yana zubowa ta gefen bakinsa, sai Alhajin ya faɗo mini a rai. Na sha tsara wa Alhajin nan mutuwa iri-iri a zuciyata, ina gyara ta kamar yadda nake gyara baitin waƙa. Ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Ofishin lauyar da Umma ta nufa yana saman wani bene a Sabon Gari, ƙasansa shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota. Matakalar tana warin baƙin mai. Muna shiga wata gajeriyar mace mai faɗin fuska ta miƙe daga bayan tebur ta yi guɗa.

"Yau wa nake gani? 'Yar gidan mai goro! Ashe kina raye, mai cin gyaɗar mutane a makarantar allo?"

"Ke dai Bayarabiya ba kya mantuwa," in ji Umma. "Gyaɗar da uwarki ta ƙirga kafin ta ba ki?"

Suka rungume juna, Umma tana dariya tana share ido. Tun da Baba ya kwanta ban ji dariyarta ba sai ranar.

Anti, kamar yadda na riƙa kiranta, haifaffiyar Fagge ce. Kakanta ya zo Kano fataucin goro daga ƙasar Yarbawa, bai koma ba. Babanta tela ne, mahaifiyarta kuma, wadda kowa ke kira Alhaja, tana da rumfar atamfa da leshi a kasuwar Sabon Gari. Tare suka yi allo da Umma a soro ɗaya. Aka aurar da Umma, ita kuwa ta wuce Zariya karatun lauya, daga can ta tafi Ikko, ta daɗe tana aiki ƙarƙashin wani tsohon lauya kafin ta dawo gida ta buɗe nata. Hausarta ta fi tawa. In ta yi karin magana sai ka rantse daga cikin ganuwa ta fito.

Ta saurari Umma har ƙarshe, ba ta ɗauki biro ba, ba ta katse ta ba. Hannunta yana ta murza bakin mayafinta, irin yadda mata ke murza yadi su ji ko sitaci ne ya cika shi. Da Umma ta gama, sai ta ce, "Ƙawata, gaskiyarki a fili take, amma kotu ba ta cin 'an ce'. Ke ba ki wajen. Mai maganar kuma ba shi da baki yanzu. Rabin maganarsa yana hannun abokin gabarku yana kasuwa da shi. Ɗaya rabin za mu nemo."

"Su 'yan kasuwar ai sun ji," na ce.

"Sun ji, 'yata. Amma mutumin ya cire rigar abotar soja ya sa ta jam'iyya, yanzu shi ke raba shinkafa a layinsu. Wa zai bar shagonsa ya zo ya rantse saboda wanda ke kwance?"

Ta ce in zo ranar Asabar in raka ta Kwari. Da na zo na tarar ta sauya: ta ɗaura ashoke, saƙin Yarbawa, a kai, ta rataya jaka irin ta masu sarin kaya. A bakin Bata, muna kutsawa tsakanin 'yan acaɓa da masu tura baro, ta ce mini, "In kin ji na yi kwaɓa, kada ki gyara mini. Ki yi shiru ki sha kallo."

Muka zauna gaban wani dattijo mai sayar da shadda, wanda ya taɓa ce wa Umma shi ranar ma ba ya gari. Anti ta taya yadi, aka ce albarka, ta ƙara, ta saya. Sai ta buɗe baki da wata gurguwar Hausa da ban san ta da ita ba.

"Baba, wancan babban shago, an ce mai shi na da, 'yan sanda ta kama shi da dare, ko?"

"Wane dare, Hajiya? Rana tsaka, ana kiran azahar. Kuma ba 'yan sanda ba ne, sojoji ne, mota guda."

"Ayya. Sun same shi da kayan sata."

"Subhanallahi! Ko ƙyalle ba su samu ba. A gabana aka zazzage shagon."

Haka ta bi layin tana zubar da kuskure, mutane suna tsincewa suna miƙa mata gaskiya. Kafin la'asar ta san inda motar ta tsaya, da inda Baba ya tsuguna, da inda hafsan ya zauna yana shan lemon da Alhajin ya saya masa. Da muka fito ta saya mana gurasa, muka tsaya a inuwar wani bene muna ci.

"A jami'a aka koya miki wannan?" na tambaye ta.

"A rumfar Alhaja. In mace ta zo tana ɓoye abin da ke cikin lalitarta, Alhaja ba ta tambayarta. Sai ta ɗauko mafi arhar atamfa ta ce, ga daidai ke. Nan take matar za ta fusata ta nuna wadda ta zo saya. Ɗan Adam yana iya haɗiye gaskiya shekara da shekaru, amma ba ya iya haɗiye kuskuren wani. Sai ya gyara. Balle a ce Bayarabiya ce ta yi kuskuren, da Hausa."

Labari ya kai wa Alhajin cewa matar Baba ta rasa lauyan ɗauka sai wata Bayarabiya da ba ta bambance "ka" da "ki". An ce ya yi dariya har da riƙe ciki.

Shari'ar ta ja. A je a ɗage, a koma a ɗage. Shaidun Alhajin suka zo ɗaya bayan ɗaya suka ce sun ji "na bar maka", daga nan hayaniya ta hana su jin sauran. Anti ba ta matsa musu ba. Takan miƙe cikin baƙar rigarta, hular gashin nan ta lauyoyi a kan farin ɗankwali, ta yi tambaya ɗaya ko biyu da Turanci, tafinta ya juya, ta zauna. Raina ya ɓaci. Wata rana a farfajiyar kotu na ce mata, "Anti, kin bar su suna ƙarya suna tafiya."

"Ƙananan kifi ne. In na girgiza ruwan yanzu, babban zai nutse."

"Ni so nake alƙali ya sa shi tsallen kwaɗo daga Kwari har Bata, ina biye da shi ina ƙirgawa."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ke da Ummanki ta ce ko sauro ba kya iya kashewa? Waccan dokar ta koma bariki da masu ita. Kotu shago za ta ba ku. Sauran ki bar wa Kwari, ta fi alƙali iya hukunci."

Ranar da Alhajin zai ba da shaida kotun ta cika. Ya zo da 'ya'yansa maza da 'yan jam'iyyarsa, ya sha babbar riga fara mai aiki har gwiwa, turarensa ya riga shi shiga. Lauyansa ya bi da shi a hankali, ya ba da labarin amincinsu da Baba, har da share ido da bakin riga. Ya ce Baba ya gaji da kasuwa ne, ya ga ba wanda ya cancanci shagon sai amininsa.

Anti ta miƙe. Ta roƙi mai shari'a ya yarje mata ta yi tambayoyinta da 'yar Hausar da ta tsinta, don a rage wa tafinta wahala. Ya yarda. Ta juya ta rusuna wa Alhajin.

"Sannu Alhaji. Wannan mutum, shi abokinki ne sosai?"

Aka kwashe da dariya. Alhajin ya gyara zaman hularsa. "Abokinka ake cewa, Hajiya. Ni namiji ne."

"Yi haƙuri, Baba. Shagonsa yana hagu da naka."

"Dama."

"Dama. Na gode. Shadda yake sayarwa."

"Atamfa."

"Kai, kaina. Ya ba ka shagon da safe, kuna shan shayi."

"Da azahar ne, Hajiya. Ki riƙa tambaya kafin ki zo kotu."

'Yan jam'iyya suka yi shewa, sai da ɗan sandan kotu ya tsawatar. Na ga Alhajin ya saki jiki, ya jingina da katakon akwatin shaida, yana jiran kuskure na gaba kamar mai jiran a miƙo masa tsire. Anti ta yi ta ba shi, ƙanana ƙanana, yana cafewa. Sai ta laluba takardunta kamar wadda ta ɓata, ta ɗago da fuskar tausayi.

"To Alhaji, ni abu ɗaya ban gane ba. Da ya ce na bar maka, sai ya ce Allah ya tsine maka albarka, kai da 'ya'yanka. Haka ne, ko?"

Alhajin ya zabura, ya dubi inda 'ya'yansa suke zaune.

"Ƙarya ne! Wallahi bai tsine mini ba! Bai ko ambaci 'ya'yana ba. Allah ya isa kawai ya ce!"

Lauyansa ya runtse ido. Tafinta ya buɗe baki zai juya maganar zuwa Turanci, ya rasa ta inda zai kama ta, ya rufe. Mai shari'a ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar shi. Na ji." Ya sunkuya ya rubuta.

Anti ta ajiye takardun. Ta miƙe sosai, ban san tana da tsawo haka ba. Da ta sake magana, Hausar Fagge ce tsantsa, mai sanyi, ba gargada.

"Alhaji, kai Bakano ne, ɗan kasuwa, ka kuma girme ni. Don girman Allah, tun da kake, ka taɓa ganin an yi wa mutum kyauta an raka shi da Allah ya isa?"

Kallonta kawai yake, baki a sake.

"Ba ka ji ba ne, ko Hausar tawa ce ba ta fita? To bari in sauƙaƙa. Sanda ya faɗa, a tsaye yake ko a tsugune? Hannuwansa suna ina? Lemon da hafsan yake sha a kan bencinka, wa ya saya?"

Ta bi shi da tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga murya ba, kamar mai warware dila tana shimfiɗa turmi turmi. Duk abin da layin Kwari ya gyara mata ranar Asabar ɗin nan, sai da ta sa ya faɗe shi da bakinsa. Gumi ya jiƙa wuyan farar rigar. Ya nemi ruwa. Umma ta sunkuyar da kai tana kuka a cikin mayafi, ni kuwa ban ƙifta ba. Na kalli kowane ɗigon gumi har ya sauka. Wani daɗi ya ratsa ni tun daga tafin ƙafa, irin na ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, na ce a raina, ƙara masa, Anti, ƙara masa.

Da aka zo yanke hukunci, mai shari'a ya ce abin da aka karɓa a hannun mutum yana tsugune gaban bindiga ba kyauta ba ne. Ya umarci a mayar da shagon, a kuma sake gina bangon da aka rushe daga aljihun wanda ya rushe shi. Ranar da magina suka zo na je na tsaya a bakin layi ina kallo. Kowane bulo da aka ɗora, sai na ji kamar a ƙirjinsa aka ɗora shi.

Kwari kuwa ta yi abin da Anti ta ce. Mutanen da suka kasa zuwa kotu su ne suka fi kowa iya labarin. In Alhajin ya ratso layi, sai wani ya ce wa maƙwabcinsa, "Nawa ne wannan turmin?" A amsa da ƙarfi, "Kyauta ne, Allah ya isa kawai!" Masu shayi suka ɗauka, 'yan dako suka ɗauka. Jam'iyya ta daina kiransa taro. Aka ce har masu neman 'yarsa sun ja da baya, wai ba sa haɗa zuri'a da gidan da ke ɗauke da Allah ya isar mara lafiya.

Wannan ne ya kawo shi Kwaciri. Ya zo da hantsi, tare da limamin layinsu da wasu dattawa biyu. Anti tana gidan, ta kawo wa Umma makullan shagon. Mun fito da Baba soro mun jingina shi da matashi a inda rana ke shigowa ta ƙofa, don likita ya ce ɗuminta yana yi wa jikinsa amfani. Umma ta tsaya daga bayan labule.

Liman ya yi doguwar nasiha a kan falalar yafiya. Alhajin ya durƙusa a gaban Baba, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ce sharrin Shaiɗan ne. Ya ce a tuna kwanon da suka ci tare. Ya ce shi ba ya iya barci, Baba ya taimake shi ya janye kalmar nan ko da ɗaga kai ne.

Baba ya daɗe yana kallonsa da idonsa mai lafiya. Sai leɓensa ya motsa, wani gurnani ya fito, gajere.

"Alhamdu lillahi!" in ji liman. "Ya yafe. Kun ji, ya yafe." Dattawan suka ɗaga hannu za su shafa.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Anti daga inda take zaune a kan turmi, "a dakata da fatiha tukuna. Ni ban ji ba, kai ma ba ka ji ba. Ga mai jin yarensa nan, a tambaye ta."

Gaskiya ne. Ni ke ba shi abinci, ni ke juya shi, a gidan ni kaɗai ke rarrabe gurnaninsa na ƙishirwa da na ciwo. Duk suka juyo gare ni. Alhajin ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Amaryata, me ya ce?"

Na durƙusa kusa da Baba na ce ya maimaita. Ya maimaita, daidai kamar na farko. Na miƙe na gyara mayafina.

"Cewa ya yi ka gusa, ka tare masa rana."

Sai Alhajin ya ja gwiwoyinsa gefe a kan simintin, hasken ya sauka a ƙafafun Baba. Baba ya lumshe ido. Suka zauna suna jira ko zai ƙara wani abu, har hasken ranar ya fara janyewa daga bakin ƙofa. Bai ƙara ba. Barci ma ya yi, da ɗan munsharinsa.

Liman ne ya fara neman takalmansa.